Faɗin Yatsa Huɗu

Zuwa ga Baffa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida da aikin gyaran injin jiragen ruwa. Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, tunda rabon mu da haɗuwa tun rasuwar Umma. Na gwada kiranka a waya, ka yi ta cewa "Wa? Wane ne?" har na haƙura. Ashe gaskiya ne ƙarar inji ta cinye maka kunne. Ni kuma ba zan iya ɗaga murya a gidan nan ba, bango ɗaya ne tsakanin ɗakin ɗinkina da gadon Baba. Shi ya sa na ba mai motar kifi wannan, ya ce rumfarka a kan hanyarsa take.

Jikin Baba dai babu daɗi. Ka san an yanke masa ƙafar dama bara saboda ciwon suga, yana kan keken guragu tun lokacin. Yanzu ta hagun ma yatsun sun fara baƙi. Likita ya ce in ba a cire ta a watan gobe ba abin zai haura, in kuwa ya haura ba ƙafa kaɗai zai ɗauka ba. Baba ya ce ba zai sa hannu ba. Wai an riga an ɗauki rabi, a bar masa sauran ya tafi da abinsa. Abinci kuwa yadda na ajiye haka nake ɗaukewa. Wuyan rigarsa da na ɗinka daidai jikinsa yanzu hannuna yana shiga.

Shekaranjiya ina kakkaɓe saman kabad sandar fatsarsa ta faɗo. Ya ce in miƙo masa. Ya daɗe yana shafa ta, sannan ya ce, "Ki kai ni tsakiyar ruwa in jefa ƙugiya sau ɗaya. In na dawo su yanka abin da za su yanka." Baffa, wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun da aka kawo shi daga asibiti.

Na zaga duk inda na sani. Kogin da yake zuwa da, gaɓarsa gangare ce da laka, keke ba ya sauka. Na je ofishin masu shirya yawon buɗe ido, yarinyar da ke kan tebur ta ce suna da komai, da na ce mai keke ne sai ta ce ogan ba ya nan. Kai kaɗai ka rage mini. Kai da Baba kakanku ɗaya, kuma kana bakin tafki, duk mai jirgi sai ya zo hannunka. Don Allah ka samo mini jirgin da Baba zai shiga da kekensa. Ba ni da wani kamar kai a wannan maganar, kuma ina jin tsoro.

'Yarka,
Tela

Zuwa ga 'yata Sarkin Almakashi,

Na amsa gaisuwa, kowa lafiya lau, sai gwiwa da take ƙara kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Kunnena kuwa ƙalau yake, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana.

Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Yayana ne aka ce ba ya cin abinci? Mutumin da yake tuƙa babbar mota kwana da wuni, ya sauko ya cinye rabonsa ya haɗa da nawa? Allah ya ba shi lafiya. Shi ya koya mini ɗaura tana a ƙugiya muna yara, kuma har yau bai yarda na iya ba.

Ki kwantar da hankalinki, an gama. Ko fita nema ban yi ba. Akwai mai jirgin da na gyara wa inji kwanan baya, na faɗa masa, ya ce ko gobe ma. Matakala ce kaɗan daga gaɓa zuwa jirgin, kuma yana da ma'aikata ƙarti, irin masu loda buhu. Za su ɗauke shi cak, shi da keken gaba ɗaya, su dire a ciki, ko jijjiga ba zai ji ba. Sun ce sun taɓa ɗaukar injin niƙa a haka.

Ki karanta masa wannan ya ji daɗi. Ki ce masa giwan ruwa na nan sun yi ƙiba suna jiransa, ya ci abinci kada su ja shi cikin ruwa.

Baffanki

Baffa,

Ina gaisuwa. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Mu nan ba sauƙi.

Da ma na karanta takardarka ni kaɗai kafin in kai masa. Murna ce ta ɗebe ni. Ya karɓi ambulan ɗin yana shinshina ƙarnin kifin da ya kama shi a mota, har ya yi ɗan murmushi. Ina zuwa wurin "cak" ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Injin niƙa." Ya juya fuska bango. Tun daga nan ko shayin da yake kurɓa ya daina.

Cewa na yi jirgin da zai shiga, Baffa, ban ce wanda za a saka shi ba. Amma laifina ne, ban gaya maka abin da ya faru ba, don shi ma ba ya so a faɗa. Ranar da muka koma asibiti wankin ciwo, na'urar hawa bene ta lalace. Wasu samari suka ce za su taimaka. Ba su tambaye shi ba, ni suka tambaya, kamar shi kaya ne ni ce mai kayan. Suka cire shi daga keken, wannan ya kama hammata, wancan ya kama ƙugu. A tsakiyar matakala wandonsa ya zame. Mata na hawa, yara na sauka. Hannayensa a riƙe, bai iya ko jan wandon ba. Wata tsohuwa ce ta yafa masa mayafinta. Da muka dawo gida ya ce mini, ranar da za a sake ɗaukarsa a hannu, to a makara ce.

Ka san halinsa. Tsawon shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa ba yaron mota sitiyari ba. Ko a cikin gida ba na taɓa bayan kekensa, shi yake tura kansa, ko da zai yi rabin wuni kafin ya kai ƙofa. Taurin kai sai ka ce mutanen farko, amma shi kaɗai ya rage masa, ba zan ƙwace ba.

Abin da nake nema shi ne jirgin da bakinsa yake daidai da wurin tsayawa, babu matakala, babu tsalle, yadda taya za ta gangara ta shiga. Na san lissafin inci ba naka ba ne, don haka ga tsiri na yanka a ƙyalle, faɗin keken ke nan daga taya zuwa taya. Duk ƙofar jirgin da ka gani ka shimfiɗa shi. In ya shige, keke zai shige.

Baƙin ya wuce yatsu ya fara cin tafin ƙafa. Ka yi sauri don girman Allah.

'Yarka

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya in zai amsa. Garin gyaran gira na tsone ido. Wallahi ban sani ba. Ki ba shi haƙuri, ki ce masa bakina ne, ya san shi tun ba yau ba.

Na rufe rumfa na bi gaɓar tafkin nan da ƙyallenki a aljihu, har an fara ce mini Baba mai awo. Ban taɓa lura ba sai yanzu, ashe duk wurin nan da matakala aka gina shi. Shekara da shekaru ina hawa ina sauka ban taɓa ƙirga su a matsayin komai ba. Kwale-kwale ba a maganarsa. Manyan jiragen kuma sai ka taka katako siriri kamar hanyar ƙadangare. Wani mai jirgi ya ce mini, me zai hana a ajiye tsohon a inuwa a sayo masa kifi a kasuwa? Da ba don an riƙe ni ba da na kwance injin da na ɗaura masa.

A can ƙarshen gaɓa, bayan wurin sayar da mai, na samu wata mata mai jirgi shimfiɗaɗɗe, wanda take kai masu fatsa tsakiyar ruwa. Wurin tsayawarta a kan ganguna yake, yana tashi yana sauka tare da ruwa, don haka bakin jirgin da dandamalin kullum kai ɗaya suke. Daga titi har can gangare ne mai sauƙi da siminti. Jirgin yana da shinge na ƙarfe kewaye da ƙaramar ƙofa a gefe. Da na gani sai murna ta kama ni. Na durƙusa na shimfiɗa ƙyallen.

Bai shiga ba. Ya fi ƙofar da faɗin yatsa huɗu. Na juya shi, na ja, na sake gwadawa, huɗun nan suna nan.

Na ce mata ni mai walda ne, in yanke shingen in faɗaɗa in mayar, ko tabo ba za a gani ba. Ta ce da ranta za ta so, mahaifinta ma a keke ya ƙare, amma masu duba jirage sun auna shingen sun buga hatimi, in aka taɓa za su karɓe mata izini. Ban ga laifinta ba, da shi take ci da 'ya'yanta.

Ga wata kuma. Ƙarshen watan nan za a rufe tafkin saboda kifi na zuba ƙwai, ba mai jefa ƙugiya sai bayan wata uku. Ban san abin da zan ce miki ba. Ina nan ina ci gaba da nema, amma gaɓa ta ƙare.

Baffanki

Baffa,

Gaisuwa a gurguje. Takardarka ta yi kwana da kwanaki a hanya, motar kifi ce ta lalace, mai ita ya manta da ita a aljihun gaban mota. Kullum ina fita bakin titi ina dubawa kamar mai jiran bashi. Har na fara zargin ka yi fushi da maganar da na gaya maka.

Da na karanta "yatsa huɗu" sai na miƙe zumbur. Na ɗauko tef na sake auna keken. Baffa, ni ce. Sabo turken wawa. Duk abin da zan yanka, hannuna da kansa yake barin rarar ɗinki, yatsa biyu ta nan, yatsa biyu ta can, ba ya ma shawara da ni. Haka na yi wa ƙyallen nan, kamar riga zan ɗinka wa keken. Ka naɗe yatsa biyu a kowane baki ka sake gwadawa, za ka ga ya zauna daidai. Keken zai shige, da ƙyar, amma zai shige.

Na ruga ɗakinsa ina dariya ina kuka, na gaya masa. Ya juyo, karon farko tun waccan takardar. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ɗora hannayensa a kan zoben ƙarfen nan na jikin taya, wanda yake kamawa ya tura, ya ce, "Ke tela ce ko? To auna da waɗannan."

Na auna. Hannunsa in ya kama zoben, ƙashin yatsunsa yana fitowa waje, yatsa biyu ta dama, yatsa biyu ta hagu. Ƙofar za ta karɓi keken, ba za ta karɓi hannunsa ba.

Na ce, "Baba, ai taku ɗaya ne. Ka ɗauke hannu in tura ka, kafin ka ƙifta ido an wuce."

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ba ɗaukarka za a yi ba, turawa ce."

Ya ce, "Hannun wani ne dai."

A nan na kasa riƙe kaina. Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni, ranar na yi. Na ce, "Ni ce wani? Ni da nake wanke maka ciwo safe da yamma, nake zubar da abin da kake zubarwa, na kori masu ɗinkina saboda ba ni da lokacinsu, ni ce wani? Ka zaɓi ka mutu a gabana da in taɓa bayan kekenka?" Na fita na zauna a kan keken ɗinki na yi kuka har ƙyallen wata mata ya jiƙe.

Warin ƙafar ya fara fitowa tsakar gida. Likita ya ce ya gaji da ganina ni kaɗai. Wata ya kusa ƙarewa. Ban san me nake roƙonka ba a wannan takardar, Baffa, na dai rasa wanda zan gaya wa.

'Yarka

Baffa,

Kada ka jira ka amsa waccan, ga wata, mai motar ya ce da sassafe zai juya. Muna gaisuwa.

Washegarin faɗanmu ina cikin ɗinki na ji Baba yana ƙwala wa kafintan da ke maƙwabtaka da mu kira ta taga. Ya sa shi ya kafa katako biyu a ƙofar da ke tsakanin falo da tsakar gida, ya matse ta. Ya ce in kawo tef in tabbatar faɗin ya zama daidai da ƙofar jirgin. Ya ƙara da cewa, "Ban da rara." Wannan ce kaɗai maganar da ya yi mini.

Sai ya ja da baya har bangon falo, ya daidaita keken, ya tura da ƙarfi, yana isa bakin katakon ya ɗauke hannayensa ya ɗora a cinya, wai keken ya wuce da gudun da ya ɗebo. Bai kai ba. Ya tsaya cak a tsakiya, ba gaba ba baya, hannu ba wurin kamawa. Na taso, ya harare ni, na koma. Da jan jikin katako ya fitar da kansa. Ya sake. Wannan karon ya makara wurin ɗauke hannu, katako ya sale masa fatar yatsu. Mai ciwon suga, Baffa, ka san abin da ƙaramin rauni yake zama. Na roƙe shi ya bari, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na yanka tsohon wandon jins na ɗinka masa safar hannu, na ajiye a kan gadonsa. Da rana na ga ya sa.

Wuni biyu yana abu ɗaya. In bai karkace ya daki katako ba, ƙarfin ya ƙare masa a tsakiya. Kafinta ya leƙo ya ce ya riƙa kallon tayar dama. Baba ya ce, "Direba ba ya kallon bango, tsakiya yake kallo. Matsalar ba ido ba ce, mai ne babu a tanki." Sai ya juyo wajena, kamar ba shi ya yi makonni yana mayar mini da kwano ba, ya ce, "Akwai sauran abincin rana?"

Ya cinye, ya ce a ƙara.

Yau da hantsi ya wuce. Hannu a cinya, kai a miƙe, ya sulale ya fita tsakar gida har ya kusa bangaje bokitin wanki. Bai yi dariya ba, ya dai juya ya koma ya sake.

Ka je wurin matar nan yanzu, ka kama mana rana kafin a rufe ruwa, kowace ce. Ka duba ko akwai fili a dandamalin da zai ja da baya ya ɗebo gudu. Ka gaya wa kowa, kowa, kada wanda ya miƙa hannu ko da sun ga zai faɗa. Na san ruwa ne a ƙarƙashi ba siminti ba, kuma dandamalin yana motsi. Kada ka tuna mini, ba na iya barci saboda shi.

'Yarka

'Yata,

Ina fata kun isa gida lafiya, kuma jijjigar hanya ba ta tayar wa Yaya da ƙafar ba. Mutanen gida suna gaishe ku. Mai jirgi ma ta ce a gaida direba.

Har yanzu ana maganarsa a gaɓa. Yadda ya jira igiyar ruwa ta lafa, ya tura, ya ɗauke hannu ya shige, ko fenti bai goga ba. Ni da na ce zan tsaya kamar dutse, sai ga ni na cusa hannuwana a aljihu don kada su ci amanata. Wuni guda a tsakiyar ruwa, karfasa ɗaya tal ya kama, ita ma kamar tafin hannu, amma ya gaya mini sau uku cewa ban iya ɗaura tana ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da muka dawo za a fita, na ga ya tsaya a bakin ƙofar ya daɗe. Cikin jirgin babu filin ja da baya, ni ban yi wannan tunanin ba, ke ma na san ba ki yi ba. Ina wurin inji, na ga bakinsa ya motsa, na ga kin sa mayafi kin rufe fuska. Kin san kunnen nawa, to, na yarda, ba ya ji. Kuka tafi ana sauri ban samu tambaya ba. Me ya ce miki? Kuma ya maganar asibiti?

Baffanki

Baffa,

Mun iso lafiya, muna godiya, Allah ya bar zumunci. A barandar asibiti nake rubuta wannan, takardar a kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Ya sa hannu. An shiga da shi ɗazu. Likita ya ce mun makara ƙwarai, sai an yanke sama da inda aka so da farko, kuma zuciyarsa ba ta da ƙarfi, bai yi mini alkawarin komai ba. Ina zaune ina kallon ƙofa. Sandar fatsar tana hannuna, shi ya ce in riƙe masa, ma'aikatan jinya sai kallona suke yi.

Ka tambayi abin da ya ce. Da ya ga babu wurin ja da baya, ya gwada turawa daga inda yake, hannun ya ƙi. Ka ga ai wuni ya yi yana jifa, kafaɗunsa rawa suke yi. Na tsaya a bayansa na harɗe hannuwana, na rantse a raina ko za mu kwana a jirgin ba zan taɓa ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar. Sai ya cire safar hannun da na ɗinka masa, ya ninke, ya ɗora hannayensa a cinya. Bai juyo ba. Ya ce, "Ke ba wani ba ce. Tura ni."

Yau ma da suka zo da gadon ɗaukar marasa lafiya ya ce musu a'a, a kekensa zai je. Wani ma'aikaci ya kama bayan keken, Baba ya ce masa, "Sakar mata, ita ce direba." Ni na tura shi har bakin ɗakin tiyata. Ƙofar tana da faɗi, Baffa, da ya so da ya shiga da kansa.

Ka yi mana addu'a.

'Yarka,
Tela